Gizo-gizon da ke Majanyin Inna

Madarumfa, 6 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Al'amin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da maiɗakinka, da yara, da ɗiyarka Zahara'u da nauyin da take ɗauke da shi, Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan ƙalau muke. Ruwa ya sauka, an yi shuka, tabki ya fara ɗagowa. Iyakar gaisuwar ke nan. Abin da ya rage a takardar nan ba gaisuwa ba ne.

Na rubuto da hannuna na ba Sule direba, don na san halinka a waya: da na ɗauko magana sai ka ce rezo ba kyau. Takarda ba ruwanta da rezo.

Ka dawo wa Inna da majanyinta.

Ka zo gida, ka ci kifin da ta sa aka soya maka, ka bari sai da ta tafi barka, ka buɗe mata kwalla ka ɗauke shi, ka kama hanyar Yamai. Saƙon da ka bari a bakin maƙwabciya shi ne wai kayan tsafi ne, ƙone shi za ka yi. Ko ɓarawon akuya ya fi ka ladabi, shi ba ya barin wa'azi a turke.

Ko ka manta, bari in tuna maka abin da ka ɗauka. Saƙin nan Iya Ɗelu, uwar Inna, ta goya Inna da shi. Inna ta goya mu da shi. Duk jaririn da aka haifa a zuriyar nan, goyonsa na farko da shi ake yi. A cikinsa ka yi wa bayan Inna fitsari ba adadi, kuma ni nake wankewa.

Inna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai ta jawo kwallar ta buɗe, ta duba, ta rufe. Jiya na ce ta ci abinci, ta ce, "To ɗan Zahara'u da mi za a goya shi?"

Na san abin da ya tsole maka ido: ƙyallayen nan uku da ke ɗinke a cikinsa, musamman mai gizo-gizo. Ni ban yarda na bori ba ne. Na sha shafa su ina yarinya, kuma na tuna bakinsu a datse yake, irin aikin inji. Wane boka ne yake da inji a zamanin Iya Ɗelu? Kuma kai da ni mun san uban Inna, Kaka Adamu, soja ne, ko da yake ba wanda ya taɓa jin bakinsa a kan yaƙin. Ina zaton alamomin kakinsa ne.

Ga sharaɗina. Ka ɗauki hotonsu a fili, gaba da baya, ka wanke ka aiko. Ka ba ni zuwa haihuwar Zahara'u. Na tsufa ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi a lakwal, ba zan kasa gano tarihin tsumman gidanmu ba. In na kasa, ni zan aiko maka da ashana.

Ka gaida kowa. Allah ya shirye ka, don har yanzu ina son ka.

Yayarka,
Sa'adatu

*

Yamai, 15 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Sa'adatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da mutanen gida. Takardarki ta iso. Sule ya ce tun daga Maradi yake jin zafinta a aljihu.

Na amsa laifin buɗe kwalla a bayan idon Inna. Ki roƙar mini gafara. Ban iya ɗauka a gabanta ba, shi ya sa.

Ga hotuna. Na farko ƙaramin ƙyalle ne mai duhu, da wata ƙugiya mai baki biyu a jiki. Na biyu layi biyu ne da suka haɗu suka yi tsini. Na uku ba sai na faɗa ba: rawaya, a kewaye, da baƙin gizo-gizo a tsakiya, kansa yana kallon ƙasa.

Yaya, ki dubi Allah. Soja zaki yake sawa, ko takobi, ko mikiya. Wace runduna ce za ta tafi yaƙi da gizo-gizo a kafaɗa? Ke ma kin san garinmu, kin san abin da ake yi a da kafin mutane su waye da addini. Kuma da kunnena na ji Inna tana kiran abin nan "mai tsaro". Babu mai tsaro sai Allah.

Duk da haka na yarda da sharaɗinki. Majanyin yana cikin akwatina, ba abin da zai same shi kafin lokacin. Amma ba zai taɓa jikin jikana ba sai na gamsu. Akwai dalilin da ban shirya rubutawa ba tukuna.

Batun fitsari kuwa, na kusa aurar da ɗiya ta biyu ana yi mini gorinsa. Ina roƙon a yafe.

Ki gaida Inna da kyau. Wassalam.

Ƙanenki,
Al'amin

*

Madarumfa, 4 ga Yuli

Al'amin,

Salamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Na roƙar maka gafara, Inna ta ce ta yafe tun kafin motarka ta kai kwalta. Ni ce ban yafe ba.

Ɗaya daga cikin alamomin ta faɗi. Ranar Asabar na je Maradi, gidan tsofaffin sojoji. Tsofaffin duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ne ke zaune a inuwa suna dara. Ɗaya ya dube ni ya ce, "Hajiya, in fansho ne kin makara." Na ce masa ni ma na ga alama, a ba ni mabuɗin ɗakin taronsu kawai. A bangon ɗakin hotuna ne jere, samari da jar dara a ka, kowanne da ƙugiyarka mai baki biyu a wuyan riga. Ƙarfen nan ne da jirgin ruwa ke jefawa in zai tsaya. Ita ce alamar sojojin da Faransa ke ɗiba a ƙasashen da ta mallaka. Na dawo gida na duba littattafaina, haka ne. Ka ga ikon Allah: mutumin da ruwan da ya sani bai wuce tabkin Madarumfa ba, an liƙa masa kayan teku a wuya.

Layi biyun nan galo ne, na muƙami, wannan ko yaro ya sani. Sai dai sun dame ni. Ɗinkinsu da launinsu ba su yi kama da na mutanen bangon ba. Kamar dai ba tela ɗaya ya yi wa Kaka riga ba.

Gizo-gizo kuwa ya ƙi ni. Na nuna wa masu dara, ɗaya ya ja da baya yana a'uziyya, sai na ce ashe Al'amin yana da dangi a nan. Na kwashe sati biyu ina bin duk abin da aka rubuta da Faransanci a kan sojojinmu, a takarda da cikin waya, har idona ya fara ruwa. Na ga raƙumi, na ga kunama, na ga wata da tauraro. Babu gizo-gizo.

Kada ka yi murmushi. Ina ganinka daga nan.

Na tambayi Inna, ta ce ita dai ta buɗe ido ta gan su a wurin. Daga nan ta juya maganar zuwa tsadar taki. Ka san ta in ba ta son zance.

Kuma mene ne wannan dalili da ba ka shirya rubutawa ba? Tun kana yaro haka kake, ka ɓoye ƙaya a ƙafa sai ta yi ruwa. Yaya jikin Zahara'u? Na kira ta, muryarta ba ta yi mini ba.

Ka huta lafiya.

Sa'adatu

*

Madarumfa, 27 ga Yuli

Ƙanena,

Salamu alaikum, ina gajiya. Ka zauna kafin ka karanta, kuma ka ajiye ashanarka.

Shekaranjiya muka tsallaka Jibiya ta'aziyyar mijin wata ƙawata. Ana cikin addu'a na ɗaga kai, Allah ya gafarta mini, sai ga wani tsohon hoto a bango: soja da faffaɗar hula, a damtsensa abin nan a kewaye, ƙafafu takwas, kai ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Matar da ke kusa da ni ta ja mini zane ta ce, "Malama, ba a shafa ba tukuna." Da aka shafa na tambayi ƙawata. Ta ce, "Surukina ne. Ɗan Bama ne ai."

Al'amin, wata guda ina haƙa a gonar da ba ita ba. Na ɗauka tun da a ƙasar Faransa aka haifi Kaka, Faransa kaɗai ya yi wa soja, kamar ban san iyakar nan da ƙafa ake tsallaka ta ba. Gizo-gizon na Ingila ne. Alama ce ta wata babbar runduna da suka tara daga Nijeriya da sauran ƙasashensu na yammacin Afirka, suka kai ta dazukan Bama yaƙi da Japan a zamanin yaƙin Hitila. Na karanta cewa gizon tatsuniya suke nufi, mai cin manya da wayo, kuma an juya kansa ƙasa ne don in soja ya ɗaga hannu zai yi harbi, gizon ya fuskanci gaba. Galon ma nasu ne, na kofur. Ka tambaya wace runduna za ta tafi yaƙi da gizo-gizo. Ga ta nan.

Da na dawo ban tambayi Inna komai ba. Na zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, na ce, "Ashe Bama ya je." Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce gizo-gizo.

Ga abin da ta ji daga uwarta. Faransa ta ɗauke shi soja ba da sonsa ba, aka kai shi Damagaram. Da al'amura suka rikice musu ya sulale ya tsallaka Katsina, can ma yunwa ta sa ya shiga na Ingila. Da ya dawo bayan shekaru, a wurin Nasaran nan shi mai gudun soja ne, in aka gane shi kurkuku ne. Ya ce wa Iya Ɗelu ta ƙone kakin duka. Ta ƙone, amma sai da ta yanke waɗannan ukun. Ta ce mutum ba zai je bakin duniya ya dawo a ce babu shaida ba. Ta ɗinke su a cikin majanyi, don ba ɗan sandan da zai ce wa mace ta kwance goyo. Kuma ta ja wa Inna kunne kada ta faɗa. Nasara sun tafi tun Inna tana budurwa, amma ba wanda ya zo ya ce mata an ɗage dokar.

Na ci, ka biya. Sai dai ni ba na cin nasara da rabin gaskiya, don haka ga sauran. Na ce mata, "To me ya sa kike ce masa mai tsaro?" Ta ce, "Abin da ya shiga wuta ya fito da mai shi da rai, ai ba banza ba ne." Ka ji. Ba bori ba ne, ba boka ya ba da shi ba, amma ta jingina zuciyarta da shi fiye da yadda ya kamata. A nan kana da gaskiya, kuma rubuta wannan layin ya fi mini ciwon haƙori zafi.

Amma ba a ƙone tarihin mutum don 'yarsa ta so shi da yawa. Ka ba Sule majanyin.

Yayarka,
Sa'adatu

*

Yamai, 5 ga Agusta

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Kaka Adamu da Iya Ɗelu. Na karanta takardarki, na fito da majanyin na daɗe ina kallonsa. Na gamsu ba kayan tsafi ba ne, kuma na ji kunyar abin da na kira shi. Amma ba zan ba Sule ba tukuna. Ga ƙayar da kika ce ina ɓoyewa.

Kin tuna ɗan Zahara'u na fari, wanda ya rasu bai cika wata uku ba. A nan aka haife shi, ba a samu kawo shi gida ba, ba a goya shi da majanyin ba. Ranar da kuka zo gaisuwa, kina waje wurin tukwane, Inna ta riƙe hannun Zahara'u tana hawaye, ta ce, "Da an kawo shi na goya shi da majanyin nan." Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, baƙin ciki ne ya yi magana. Amma yarinyar nan ta haɗiye maganar, ta zauna mata.

Tun da cikin nan ya tsufa ta dawo gidana, ba ta da zance sai majanyi. Ta ce ita ta kashe ɗanta da ta ƙi zuwa gida. Ta ce in ba a kawo shi kafin ta haihu ba wannan ma tafiya zai yi. Ba ta barci, ba ta cin kirki, likita ta ce jininta yana hawa. Na yi mata nasiha da duk abin da na sani, tana cewa to Baba, idonta yana wani wuri.

Sai na ga in na ba ta, na tabbatar mata da abin da take tsoro, kuma duk zazzaɓin da yaron zai yi za ta ruga ta ɗauko tsumma. In babu shi a duniya, dole ta koma ga Allah. Shi ya sa na ɗauko. Ba ta san yana gidan nan ba.

Kin gano mini na wace runduna ne. Yanzu ki gaya mini yadda zan yi da ɗiyata, don ni dabarata ta ƙare.

Wassalam.
Al'amin

*

Madarumfa, 12 ga Agusta

Al'amin, ɗan uwana,

Salamu alaikum. Kai wawa ne, kuma uba ne na ƙwarai. Da ka faɗi wannan tun farko da ban je na tsaya a kan mutane suna addu'a ba. Da ka ƙone shi, da yarinyar nan ta haihu tana ganin an ƙone mata rai. Ba a kashe tsoro da ashana.

Na gaya wa Inna duka, ban rage ba. Na yi niyyar yi mata faɗa, na ma shirya kalmomin tun a hanya. Ban samu yi ba. Ta ce, "Ni na ce haka?" Na ce ke kika ce. Can ta ce, "Ɗauko alƙalaminki."

Abin da ke ƙasa nata ne, ban gyara ba. Ka karanta wa Zahara'u da bakinka.

"Zahara'u, kishiyata, ina gaishe ki. Tsakanin gwaggonki da ubanki na haifi wani yaro, Illo. Ubanki bai san shi ba, gwaggonki tana ƙarama. Da majanyin nan na goya shi tun ranar da cibiyarsa ta faɗi. Shekarar da ƙyanda ta shigo gari ta kama shi. Na ɗaure shi da majanyin nan, na kama hanyar likita da ƙafa. Ban kai ba. A bayana ya cika, da gizo-gizon da komi, ina jin sanda ya yi nauyi. Na san wannan ranar da na gaya miki waccan magana. Na faɗa ne don ina neman abin da zan kama, na kama ki. Ki yafe mini. Naki kwanansa ne ya ƙare, kamar nawa. Majanyi zane ne, na uwata ne, da shaidar ubana a jiki, shi ya sa nake son shi. In kin so ki goya, in ba ki so ba ki goya da tawul, duk ɗaya ne wurin Allah."

Ni na tuna Illo kaɗan, kamar inuwa. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar nan. Da ta gama ta ce in ɗumama mata tuwo, ta cinye.

Shawarata: ka karanta mata, sannan ka fito da majanyin ka ajiye a gabanta, ka ba ta labarin Kaka, ka fita. Kada ka ƙara ko aya ɗaya. Na san zai yi maka wuya.

Allah ya raba lafiya. Ka kira ni ko da rezo ba kyau.

Yayarka,
Sa'adatu

*

Yamai, 29 ga Satumba

Gwaggo,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Mun gode da yaji da kifin da kuka aiko.

Kin ji an sa wa jaririyar sunanki. Baba ya ce ba shi ya zaɓa ba, kukanta ne ya zaɓa.

Ya karanta mini saƙon Inna, bai kai ƙarshe ba sai da na karɓa na ƙarasa da kaina. Ya ajiye majanyin a kan gado ya fita.

Na fara goya ta ranar Talata, da tawul ɗin da na saya a kasuwa. Na ɗaura. Ta yi barcinta, ni ma na yi nawa.

Majanyin yana nan a ninke. In na yi arba'in zan zo da shi, Baba zai kawo mu. Ki ce wa Inna ita za ta ɗaura mini da hannunta, kuma ta shirya, ina so ta gaya mini kamannin Illo.

Ɗiyarki,
Zahara'u